Shekarar da Ruwan Sama Ya Ƙone Kuɓewa

Mamman, Hamsatu, da kai auta Bashir, na ji abin da aka faɗa a gabanku ranar sunan ɗiyar Hamsatu, wai tun da na shiga makarantar yaƙi da jahilci na iya riƙe bik ɗin rubutu, sai na dawo gida na kashe wa babanku sana'a. Mai faɗar ba ta san ina bayan zana ina figar kaji ba. Ban tanka mata ba don ranar farin ciki ce, amma kun san halina, ba na haɗiye magana ta zauna. To ga ta a takarda, da hannuna, da wannan rubutu nawa mai kama da sawun kaza. Ku karanta ku san wane ne ya haife ku, don kuna ƙanana lokacin da abin ya faru, shi kuma bai taɓa zama ya ba kowa labarin kansa ba har Allah ya karɓi ransa.

Babanku mai zubin tukwane ne, kuma a Gure kaf ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Yana narkar da tsofaffin ƙarafan alminiyom, ya zuba a cikin rairayin da ya danne ya fitar da siffar tukunya. In ta huce sai ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. In amon bai yi masa ba, ko mai saye na tsaye da hannu a miƙe, sai ya sa guduma ya fasa ta ya mayar cikin wuta. Na sha yi masa faɗa a kan haka, ya ce tukunyar da za ta tsage a kan murhun mai jego ba za ta fita daga hannunsa ba. Matan Gidigir da na Alakos in sun zo kasuwa, da sunansa suke tambaya.

Da gawayi yake hura wuta a da. Shekarar da tudun rairayi ya binne gonar ƙaninsa, bayan an sare itatuwan da ke tare shi, ya dawo gida ya ce ya bar sayen gawayin gawo har abada. Ya koma ƙona tsofaffin tayoyi da baƙin man da masu gyaran mota ke zubarwa. Ku riƙe wannan da kyau: don ya bar itace a tsaye ya koma ga taya, ba don mugunta ba. Daga baya wani ɗan kasuwa ya fara kawo masa matattun batura, na manyan motocin kamyo da na sola. Babanku ya fasa su, ya zubar da ruwan batir a rami, ya narke abin da ke ciki ya fitar da dalma, mutumin ya zo ya kwashe. A shekarun nan ne muka yi rufin tol, wato na kwano, miyarmu ta san nama, kuka sa takalma zuwa lakwal, makarantar boko. Ban manta ba, kuma ba zan yi kamar ban ci ba.

Maƙerarsa tana kan tudu, gabas da kwarin da matan unguwarmu ke da garka, lambun da suke nomawa da damina. Shugabar garkar kuwa kakarku ce, Ya Fanna, uwar da ta haife shi. Yawancin matan da ke cikinta zawarawa ne da tsofaffi waɗanda kuɓewa da yakuwa da zogalen damina su ne miyarsu ta shekara, su busar su ajiye, su kai saura kasuwa. In garkar ta mutu, akwai gidajen da tukunyarsu za ta kife. Hadari kuma kun san daga gabas yake taso mana. Iskar da ke gabansa sai ta kwantar da hayaƙin maƙera a kan kwarin kamar an shimfiɗa bargo, hayaƙi mai warin da ke kama maƙogwaro, sannan yayyafi ya biyo ta cikinsa.

A damina ta biyu da fara aikin batir, ganyen kuɓewa ya fara fitar da ɗigo-ɗigo farare, su koma ja, su huje. Gefen ganyen ya ƙanƙance kamar an kara masa garwashi, furen ya zube tun bai ɗaura ɗa ba. Mu mutanen Gure, duk abin da ya ƙone shuka sunansa ɗaya a bakinmu: kanwa. A cikinta muka tashi, mun ga yadda take tasowa daga ƙasa ta yi fari fat ta cinye fadama. Saboda haka ba wadda ta ɗaga kai ta dubi sama. Ya Fanna ta ce kanwa ce ta taso, kowa ta ɗauki kwando. Kwana da kwanaki tsofaffin nan suna hawa tudu suna ɗebo rairayi mai daɗi da takin awaki suna zubawa a gindin shuka. Wasu har ruwan tsamin gasara suka riƙa yayyafa wa ganye, wai ya karya ƙarfin kanwar. Ni ma na ɗauka har wuyana ya sage. Kowane yayyafi kuma sai abin ya ƙaru.

A shekarar ne na shiga makarantar manya, ina da shekara arba'in da ɗoriya. Malamarmu Madam Aisa ce, yarinya ƙarama da na isa in haifa, amma mai kai. Wata rana na je aji da ganyen kuɓewa a bakin zane, na jefa mata a kan tebur.

"Madam, kullum kina koya mana ba da bi da bu. In karatun nan yana da amfani, karanta mini wannan."

Mata suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya ganyen, ta tambaye ni ko na ƙasa ne suka fi ƙonewa ko na sama. Na ce na sama.

"Inna Zara, kanwa daga ƙasa take kama shuka. Wannan daga sama aka zubo masa."

"Daga sama? Ruwan Allah ne kaɗai ke zuwa daga sama, Madam, ki iya bakinki."

Ta ce ruwan Allah tsarkakakke ne, amma yana ɗaukar abin da ya tarar a hanya. Ta ba mu labarin ƙasashen da ke da manyan masana'antu, inda hayaƙin kwal da na mai ke haɗuwa da gajimare, ruwan ya sauko da tsami, ya kashe kifi a tafki, ya busar da daji, ya ci ƙarfe da dutsen gini. Ta ce nasu yana tafiya har wata ƙasa, namu in akwai shi ƙarami ne, ba zai wuce inda iska ta kai hayaƙin ba. Sai ta tambaya ko akwai mai ƙona wani abu mai wari kusa da garkar. Mata ashirin, ba wadda ta dube ni, kuma wannan rashin dubawar ya fi mari zafi.

Ita ta nuna mana gwajin, kuma abin haushin shi ne kowace mace a Gure ta san rabinsa tun tana yarinya. In ka jefa kanwa a ruwan zoɓo, jansa yana mutuwa ya koma duhu. In ka matsa masa lemun tsami, jan ya dawo. Ta ce mu jiƙa zoɓo kaɗan, mu sa masa ɗan ƙwayar kanwa har ya yi duhu, mu tari ruwan yayyafi a garka mu zuba. In kanwa ce a ruwan, duhun zai zauna. In tsami ne, zai yi ja. Da aka yi yayyafi na gaba na tara a kwanon sha. Na zuba a kan zoɓon. Ya yi ja kamar jinin rago.

Da la'asar na sami babanku a zaure yana wanke hannu, Ya Fanna na gefe tana jan carbi. Ban iya kewaye-kewaye ba, ban kuma koya ba har yau.

"Malam, hayaƙinka ne ke ƙone garka."

Ya ɗago a hankali.

"Uwar Mamman, wata uku da fara karatu har kin kai ga karanta hayaƙi?"

"Na kai. Ga kwano, ka duba."

"Kwanon zoɓo za ki kawo mini shaida? Gobe kuma sai ki kawo kunu ya yi mini alƙalanci."

Ya Fanna ta ajiye carbi ta ce, "Ke Zara, ɗana da ya bar sare itace don mutane, shi za ki ɗora wa wannan? Kanwa ce. Tun ba a haifi uwarki ba nake noma kwarin nan."

"Ya, kanwa ba ta hawa sama ta faɗo."

"To ke kika hau kika gani?"

A nan na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Washegari matan garka suka taru za su sake hawa tudu ɗebo rairayi, har da wata tsohuwa da ke tafiya da sanda. Na dube su na kasa. Na ce su ajiye kwanduna, na yi gwajin a gabansu, na faɗi sunan abin da ke kashe musu shuka, alhali mijina ne. Wasu suka ce a tafi wurin mai unguwa, wasu suka ce a kai ƙara ofishin magajin gari. Na tsaya a bakin hanya na ce duk wadda za ta kai ƙarar uban 'ya'yana sai ta bi ta kaina, ku ba shi lokaci. Ka ga na ɓata da gida, na ɓata da waje. Kafin azahar magana ta kai maƙera.

Kwana tara babanku bai ci tuwona ba. Ba zagi, ba ɗaga murya, shi ba ya haka. Sai dai in ajiye akushi in dawo in tarar da shi yadda na rufe. Ya Fanna ta daina amsa gaisuwata. Mamman, kai kana iya tunawa, ka tambaye ni me ya sa Baba ke cin abinci a ɗakin Kaka, na ce maka haƙorinsa ke ciwo. Ƙarya na yi maka, ga gaskiyar yau.

A rana ta goma ya shigo tsakar gida da sababbin ƙore guda huɗu a hannu. Ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Gwajinki ba shi da kyau," ya ce. "Kwanonki na ƙarfe ne, wa ya san abin da ya taɓa zama a ciki? Kuma wuri ɗaya kika tara. In ruwan garin nan duka haka yake fa? Wanda zai kashe wa mutum wuta, ya kamata ya gwada fiye da haka."

"To gwada da kanka."

"Abin da na zo yi ke nan. Jiƙa mini zoɓon, amma ni zan sa kanwar."

Wannan shi ne babanku. Ni na ɗauka fushi yake yi kwana taran nan, ashe tunani yake yi yadda zai kama gaskiyar da hannunsa, ko ta cije shi. Ya ɗora ƙwarya ɗaya a kan turmi a tsakiyar garka. Ɗaya ya kai gabas da maƙera, inda iska ba ta kai hayaƙi. Ɗaya ya ba wani abokinsa a can ƙarshen gari ta arewa. Ta huɗu ya ajiye a gidanmu. Ya ɗora kowace a sama don kada ƙasa ta fantsama ciki, ya yi wa kowace alama da wuƙa. Kuma bai rage wuta ba ko kaɗan, ya ce in ya rage ya yi wa gwajin maguɗi. Muka jira kwana uku. Ran na huɗu da hantsi hadari ya taso, iska ta kwantar da hayaƙi, aka yi yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ya fi yin ɓarna.

Bai yi gwajin a ɓoye ba. Ya aika aka kira matan garka, aka kira Madam Aisa, ya sa aka shimfiɗa wa uwarsa tabarma a gaba. Ya jera ƙananan kofunan shayi huɗu, ya zuba baƙin zoɓon daidai wa daida kamar mai awon magani. Ya fara da ruwan gabas, duhun ya ɗan sassauta kawai. Na arewa ma haka. Na gidanmu ya yi ja-ja. Da ya ɗauki ƙwaryar garka sai da ya yi bisimilla. Yana zubawa kofin ya yi ja wur, har wata ta ce wayyo.

Babanku ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya juya wurin uwarsa ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu.

"Ya, kwando nawa kika ɗauka a kanki saboda ni?"

Tsohuwar ta kau da kai. "Ban ƙirga ba."

"Ki yafe mini. Ku ma ku yafe mini."

Sai ya dubi Madam ya ce, "Malama, ramin da nake zuba ruwan batir fa? In ruwa ya tafi da shi rijiyar garka?" Ta ce abin da ke kashe tsami a tukunya shi ke kashe shi a rami. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce wato kanwar da aka yi ta zagi ita za a roƙa. A ranar ya sayo buhunanta, ya riƙa zubawa a ramin yana tafasa yana kumfa, har ya daina motsi, sannan ya binne. Wutar tayar kuwa da hannunsa ya zuba mata rairayi. Ina tsaye daga nesa. Ban ce ya kashe ba, ban taɓa ce masa ya kashe ba. Abin da na faɗa shi ne hayaƙinsa ne, sauran duk shi ya yanke.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Kuɓewar shekarar ta riga ta tafi, ɗan abin da aka samu daga sabon toho ne. Ya tashi maƙerar ya mayar da ita yamma da gari, nesa da kowace shuka. Taya ya bari, gawayin gawo ya riga ya rantse, sai ya koma tsintar ƙwallon goruba a kwari yana ƙonawa ya yi gawayinsa. Aikin da yake yi a yini ɗaya ya koma na kwana uku. Masu saye suka gaji da jira suka koma wurin wasu. Tumakina huɗu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Hamsatu, shekarar da kika yi kuka don ba a ɗinka miki kayan salla ba, dalilin ke nan. Rufin tol ɗin da muke taƙama da shi, da muka duba ta ɓangaren maƙera duk ya yi tsatsa ya huje, muka riƙa tara kwanoni a ɗaki. Abokansa a kasuwa suna tsokanarsa, wai malam zoɓo. Ya Fanna ta dawo amsa gaisuwata, amma sai da ta ce mini, "Gaskiya kika faɗa, bakinki ne dai ba shi da murfi." Na ce haka Allah ya yi shi. Ta ce ta sani, ita ta zaɓo ni.

Kuma ban ce mun gyara duniya ba. Baturan da ya ƙi karɓa wani wuri aka kai su, hayaƙinsu ya sauka a kan shukar wasu matan da ban sani ba. Wannan yana damuna har yanzu. Abin da na sani shi ne damina ta gaba ganyen kwarinmu ya fito kore shar, ba ɗigo ko ɗaya, tsofaffin nan suka shanya kuɓewa har kan danga.

Gwaji na gaske ya zo ne da bazara ta biyu, lokacin da rumbunmu ya kusa kai ƙasa. Ɗan kasuwar nan ya dawo da mota cike da batura, ya tsaya a ƙofar gida da hantsi. Ina bayan labule ina jin su. Babanku ya shimfiɗa masa tabarma, ya dafa masa shayi. Mutumin ya ce yanzu ai maƙerar tana yamma, ba garka kusa, kuma rani ne ba ruwa, wa zai cutu? Wallahi ni kaina, ni da na fara tada maganar hayaƙin, zuciyata ta ce karɓi, Malam, ko sau ɗaya. Na san abin da ya rage a rumbu, shi ma ya sani.

"Alhaji," babanku ya ce, "yamma ma akwai mutane. Akwai makiyaya, akwai rijiya. Da ban sani ba, Allah ba zai kama ni ba. Yanzu na gani da idona."

"Iyalinka fa? Za su ci ganin ido ne?"

"Za su ci abin da ban ƙone wa kowa ba. Sha shayinka kada ya huce."

Ya raka shi har mota, ya tsaya sai da ƙararta ta ɓace. Ya shigo tsakar gida yana kaɗe riga, ya same ni ina share hawaye da bakin zane, ya yi kamar bai gani ba.

"Uwar Mamman, akwai abin ci a gidan nan?"

Na ce akwai ɗan tuwo, miyar kuwa busasshiyar kuɓewa ce da matan garka suka aiko, ba nama, ba mai.

Ya wanke hannu ya zauna. Ya ce, "Kawo."